Ina Za a Kai Sharar Kantin?

A wannan makon wani maizanen gine-gine ya nuna mini taswirar katafaren rukunin kantuna da ake shirin ginawa. Na duba wurin ajiye motoci, na duba layin gidajen abinci, na ga ɗakin janareta an ba shi fili mai faɗi. Da na tambayi inda shara za ta bi, sai aka nuna mini ɗan lungu a bayan katanga, wai mota za ta riƙa zuwa tana kwashewa. Tun daga ranar raina yake a ɓace.

Gini irin wannan kullum yana fitar da ragowar shinkafa, ɓawon kankana, ruɓaɓɓen tumatir, man suya da ya gama aiki. A gefe guda kuma janareta yana shan dizal safe da yamma. Wato mai kantin zai biya a kwashe masa makamashi zuwa juji, sannan ya sake biya a kawo masa wani a tanka.

Ga abin da ake yi a kasuwar kayan miya ta Bowenpally da ke Hyderabad a Indiya. A kowace rana ana tara kimanin tan 10 na ruɓaɓɓen kayan gwari, a niƙa su, a zuba cikin rufaffun tankuna da iska ba ta shiga. Ƙwayoyin cuta su cinye su, su fitar da gas wanda fiye da rabinsa methane ne. Daga nan ake samun wutar lantarki kusan yunit 500 a rana, ana haska rumfuna da fitilun kasuwar, ga gas na girki a ɗakin abincinta. Tukar da ta rage kuma taki ce, manoma ke ɗauka. Har Firaminista Modi ya yabi wurin a jawabinsa na rediyo a 2021. Kasuwa ce fa irin 'Yan Kaba ko 'Yan Lemo, ba wani gidan gilashi ba. Kuma waɗannan tankuna zafi suke so, kusan digiri 35, abin da Allah ya hore mana kyauta yawancin shekara, yayin da Turawa sai sun ɗumama nasu da kuɗi.

Ba ina maganar tashar ƙona shara ba ce, irin Reppie da Habasha ta buɗe a Addis Ababa a 2018. Wannan aikin birni ne guda, kuma sharar abinci jiƙaƙƙiya ce, ba ta cin wuta da daɗi. Abin da ya dace da kanti shi ne tanki, amma sai an saka shi tun a kan takarda: hanyar zuba ragowar abinci daban da ta leda da kwalba, ɗakin tacewa mai magudanar ruwa, bututun da zai mayar da gas ɗin zuwa murhun gidajen abinci. Idan an zuba kankare an gama, shigar da waɗannan sai an fasa gini.

Leda kuwa, ita ke toshe mana kwatoci duk damina, ita ce kuma za ta toshe injin niƙa idan ba a ware ta ba. 'Yan jari-bola sun fi kowa sanin wannan aiki. A ɗauke su aiki da albashi da safar hannu, a daina korarsu daga bakin ƙofa kamar ɓarayi.

Za a ce da tsada, kuma gas ɗin kanti ɗaya ba zai riƙe na'urorin sanyaya ɗaki ba. Gaskiya ne, zai dai riƙe girki da fitilu, sauran a ɗora wa farantan sola a rufin da yake zaune banza.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kira wannan rashin sani. Ganganci ne, domin warin ba ya shiga ofishin mai kanti, gidajen talakawan da ke bayan katangar yake shiga, su ne da ƙudaje, su ne da hayaƙi idan an cinna wa tulin wuta da daddare. Hukumomin tsara birane suna tambayar maigini wurin ajiye motoci kafin su buga hatimi. Su ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin: tan nawa na shara ginin zai fitar a rana, kuma a wane ɗaki za a sarrafa ta. Wanda bai amsa ba, a mayar masa da taswirarsa.