ZAUREN UWARGIDA: Mangwaro Ma Suga Ne, Gwaggo!

 Yau dai ba zancen soyayya na zo da shi ba, wani abu ne ya faru a gidanmu nan Magami da ya hana ni barci.

Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina goye, tana da ciwon suga. Tun da likita ya gaya mata ta bar shayi mai zaƙi, ko lemon kwalba ba ta kallo. To da bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwa, sai na tarar da ita da kwano shaƙe a gaba, tana sha tana ajiye ƙwallo. Na ƙirga ƙwallo bakwai! Na ce, "Haba Gwaggo!" Ta harare ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya gama mangwaro da suga? Ai abin Allah ne." Kwana kaɗan sai ga ƙishirwa, ga fitsari ba dare ba rana, ga kasala. Muka kwashe ta sai Gusau, aka auna, suga ya hau. Wallahi ranar na yi kuka.

'Yan'uwa, ba a hana mai ciwon suga cin kayan marmari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Magana dai ta awo ce. Kofi ɗaya na yankakken mangwaro yana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 6. Shi kuwa busasshen dabino, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne zalla.

Ga dabarar da muke bi yanzu. Gwaggo ba ta wuce cikin tafin hannunta a zama ɗaya: ƙaramin mangwaro ɗaya, ko lemo ɗaya, ko rabin ayaba, ko dabino biyu. Ta raba, wani da hantsi wani da la'asar, ta haɗa da 'yar gyaɗa ko nono marar suga don kada zaƙin ya ruga cikin jini. Gwaiba da gwanda sun fi mata sauƙi. Lemo kuma ta cinye da totuwarsa, domin in an matse an tace, an zubar da abin da ke rage wa suga gudu. Maganinta kuma ba fashi.

Sai ku amare da uwayen gida, da ni kaina. Haɗin nan na dabino da aya da kwakwa da madara da zuma da muke ɗirka don gyaran jiki, ni ma na sha har sai da rigunana suka ƙi shiga. Ƙaramin kofi ya isa, kuma ba kullum ba. In ciwon suga na danginku, ki je a auna ki da safe kafin karin kumallo. In ya kai 126 ko ya haura, ki koma wa likita.

Gwaggo ta samu sauƙi, sai dai har gobe "likitar ƙarya" take kirana. Na yarda, in dai zan ci gaba da ganinta a tsakar gida.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, daga Magami.