Faɗuwar Naira Da Mujallun Bincike A Jami'o'inmu

A da, idan ɗakin karatu irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ya sayi mujallar bincike, ta zama mallakarsa ke nan. Yanzu kuwa haya ake yi. Kamfanoni irin su Elsevier suna karɓar kuɗin shekara da kuɗin waje kafin su buɗe mujallunsu a intanet, ga shi dala ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Duk ɗan kasuwa ya san sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, don haka ya kamata TETFund ta haɗa kan jami'o'i su yi ciniki tare. In ba haka ba, malamin da jami'arsa ta kasa biya sai dai ya roƙi abokai a ƙetare su turo masa maƙala.