Alƙali ba ɗan takara ba ne

Duk lokacin da kujera ta zama fanko a wata babbar kotu, akan ji masu cewa a bar talakawa su zaɓi alƙalai da ƙuri'a, kamar yadda ake yi a jihohi da dama na Amurka. Shawarar tana da daɗin ji, amma guba ce a cikin zuma.

A dubi inda aka gwada. A 2004, a jihar West Virginia, wani attajirin kwal ya kashe dala miliyan 3 don wani lauya ya hau kujerar kotun ƙoli ta jihar. Da ya hau, sai ya shiga cikin waɗanda suka soke hukuncin biyan dala miliyan 50 da aka yanke wa kamfanin attajirin. A 2025, takarar kujera ɗaya tak a kotun ƙolin Wisconsin ta lashe kimanin dala miliyan 100. Wanda ya biya kuɗin kamfe, ai shi ya sayi sandar alƙali.

To, a kawo wannan tsari Dakoro, inda gona da makiyaya suke gogayya, inda rijiya ɗaya kan haɗa manomi da makiyayi gaban shari'a. Alƙalin da ke jiran zaɓe mai zuwa zai ƙidaya kawuna kafin ya buɗe littafin doka, kuma ɓangaren da ya fi ƙarancin ƙuri'a ya faɗi tun bai buɗe baki ba. Haka ɗan kasuwar da ya yi ƙarar mai ɗaukar nauyin jam'iyya, haka ma'aikacin da ya ja da minista.

Wannan ba wanke naɗin gwamnati ba ne. A zamanin tsarin mulkin 2010, shugaban ƙasa ne ya shugabanci majalisar ƙoli ta alƙalai, wato mai mulki ne ya riƙe ragamar masu yi masa hukunci. Amma Nijar ta san hanya ta uku. A kotun tsarin mulki ta 1999, biyar cikin mambobi bakwai takwarorinsu ne suka zaɓe su: alƙalai, lauyoyi, malaman jami'a da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Wannan kotu ce, ƙarƙashin Fatimata Bazeye, ta ce wa Tanja Mamadu a'a kan tazarce a Yunin 2009, har ya rushe ta.

Ga darasi. Kujerun kotunan ɗaukaka ƙara, a bar masana shari'a su cike su a fili, a kuma hana kowace gwamnati tsige alƙali ko jefa shi wani gari don ya yanke hukuncin da bai yi mata daɗi ba.