A sa wa tarakta cebur a gaba, amma bisa awo

Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san damina kan zo da albarka, ta tafi da hanya. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa na zaftare hanyoyin jar ƙasa, ƙorama ta cika mashigi da rairayi, amalanke ya kafe, motar kasuwa ta juya da kayanta. Mu malaman makaranta da an koma aji a Oktoba mukan tarar da fili ya rarake, rairayi ya taru a gindin bango har ya kusa taga. Mai naƙuda da za a kai gidan likita ita ce ta fi kowa shan wahalar wannan hanya. A gabas kuwa, wajen Gure da Maine-Sorowa, ko ruwa bai zo ba iska ce ke kwaso rairayi ta zuba a kan kwalta da bakin garake.

Idan aka kai kuka wurin magajin gari, amsar guda ce: sai an samo katafila. Ita kuma tana babban birnin jiha. Kafin a biya motar da za ta ɗauko ta, da gazuwal, da hayar yini, kuɗin ƙaramar hukuma sun ƙare. Alhali a garin akwai tarakta, ta ƙungiyar manoma ko ta wani alhaji, wadda ta yi huɗar ƴan makwanni a farkon damina, yanzu tana ƙarƙashin bedi, in ta motsa to jigilar yashi ce da tirela.

Ra'ayina shi ne masu waldarmu su riƙa ƙera wa irin waɗannan taraktoci cebur na gaba, wato faffaɗan ƙarfen nan mai tura ƙasa irin na katafila, kuma makarantun koyon sana'a su fitar musu da zane da awon da za su bi. Ba aiki ne da ya fi ƙarfinsu ba. Wanda ya taɓa zagaya kasuwar Katako a Yamai, ko rumfunan maƙera a Maraɗi da Damagaram, ya ga abin da hannu ke fitarwa daga tsohon ƙarfe. Abin da ya rage shi ne lissafi, domin a nan ne ake cin riba, a nan ne kuma ake kashe tarakta.

Mu fara da abin da masu ƙin wannan shawara ke faɗi, don suna da gaskiyarsu: tarakta ba katafila ba ce. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson da muka saba gani, nauyinta wajen tan 3 ne. Katafila matsakaiciya kamar D6 ta kai wajen tan 20, tana kuma tafiya a kan sarƙa mai kama ƙasa. An gina tarakta don ta ja daga baya, an gina katafila don ta tura daga gaba. Ƙari a kan haka, yawancin taraktocin nan ba su da shasi irin na babbar mota. Jikin injin da akwatin giya su ne ƙashin bayansu, kuma ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi. Ƙafafun gaba kuwa a kan ƙusa guda suke lilo a tsakiya. Duk mai waldar da ya ɗaure cebur a sandar ƙafafun gaba, ko a hancin tarakta kaɗai, ranar da aka ci karo da dutse ko kututture, asarar za ta ninka kuɗin ceburin sau da yawa.

Wannan gargaɗi ne a kan yadda za a yi aikin, bai zama dalilin barinsa ba. Maganin sananne ne. A yi dogayen hannuwa biyu na ƙarfe mai kauri, su taso daga bayan cebur, su bi ta ƙarƙashin cikin tarakta, su je su kama a gindin ƙafafun baya ko wurin da ake maƙala abin ja. Can ne aka gina don ɗaukar ƙarfi. Ta haka duk bugun da cebur ya sha zai wuce injin, ya sauka inda ba zai yi ɓarna ba. Ɗaurin da ke gaba aikinsa ɗagawa da saukewa ne kawai, da hana cebur karkacewa.

Faɗin cebur ya ɗan zarce faɗin tayoyin baya, wato mita 2 ko sama da haka kaɗan, don kada taya ta riƙa hawa ƙasar da ba a share ba. Tsayinsa kada ya wuce santimita 50 zuwa 60. Mai tarakta zai so a ƙara masa, a ganinsa babban cebur shi ne babban aiki. Sai a yi masa lissafi: rairayin da zai cika rami mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi ya kai wajen tan 1 da rabi, kuma cebur mai wancan awo yana tura kusan rabin haka a tafiya guda. Ya isa. Fiye da nan tayoyi za su yi ta juyawa wuri guda, kuloci ya ƙone. Dogon cebur kuma yana tare wa lagireto iska, ga zafin watan Afrilu.

Farantin ya zama mai kaurin milimita 6 zuwa 8, a lanƙwasa shi yadda ƙasa za ta riƙa naɗewa tana mirginawa gaba, a kuma yi masa haƙarƙari a baya. Bakin da ke cin ƙasa a samo shi daga tsohon bakin gireda, ko sifirin na babbar mota. A ɗaure shi da ƙusoshi masu noti, kada a yi masa walda, domin ƙarfe mai tauri yakan tsage a gefen walda, kuma idan ya cinye ana so a kwance a juya shi. A sa takalma biyu na ƙarfe a ƙarƙashi, su hana baki nutsewa. A wurin haɗin cebur da hannuwa a bar ƙusa guda mai rauni da gangan, wadda za ta karye idan bugu ya yi yawa. Gara a sayi ƙusa ta ƴan daloli da a nemi akwatin giya.

Wajen ɗagawa hanya biyu ce. Mai hali ya sa jak na mai, a jona shi da famfon da tarakta ke ɗaga garma da shi. Marar hali ya ja igiyar ƙarfe ta kan kura zuwa hannuwan ɗaga garma na baya: idan sun ɗaga, cebur ya ɗaga, idan sun sauka, nauyinsa ya saukar da shi. Ta biyun ba ta danna ƙasa da ƙarfi, amma ta wadatar ga rairayi. Wanda ya zaɓi jak ya sani man da ke cikin tiyo yana da matsin da zai iya huda fata, don haka ba a laluben yoyo da hannu. Ba a kuma shiga ƙarƙashin cebur yana sama, ba a ɗora yara a kansa.

Sai iyakar aikin, wadda ya kamata a rubuta a jikin ƙarfen da fenti. Wannan cebur na share rairayi ne, da cike rami, da baza jar ƙasar da tifa ta zube, da daidaita filin makaranta ko kasuwa, da tara taki, da yin kunya don tare ruwa a gona. Ba na fasa fako ba ne, ba na ture gini ba ne. Ba kuma na tumɓuke itace ba ne, kuma wannan ya fi damuna. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun shafe shekaru tun wajen 1980 suna renon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har duniya ta zo koyo. Bai kamata abin da muka ƙera don gyaran hanya ya zama makamin share wannan wahala a yini guda ba.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayo na kamfani ba? Wanda ya samu ya saya. Sai dai kafin ya iso ƙasar da ba ta da teku kuɗinsa ya hau, sau da yawa bai dace da taraktar da ke hannu ba, in ya lalace kuma wurin mai waldar nan za a koma. Mun ma taɓa bin wannan hanya. Masana'antu irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram sun yi shekaru suna ƙera garmar shanu da amalanke bisa awo, yau ga shi kusan kowane babban gari akwai mai haɗa amalanke, ba wanda ke jiran na waje.

Saboda haka kirana ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, su ɗauki wannan a matsayin aikin ƙarshen shekara. Ɗalibai su auna taraktoci biyu ko uku da suka fi yawa a yankinsu, su zana, su ƙera guda, a gwada shi a gaban manoma da makanikai, a gyara inda ya gaza. Daga nan a buga zanen a takarda guda, da Hausa, a raba wa masu walda kyauta. Yaron da ya yi wannan ya ga amfanin darasin awo da kusurwa da muke fama da shi a aji.

Magadan gari kuma su zauna da masu tarakta tun yanzu a yanke kuɗin yini da na gazuwal, a san mashigan da za a fara da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rani ne lokacin walda da gwaji, domin da ruwan farko ya sauka tarakta ta koma gona, hanya kuma ba ta jira.