A ba jiki haƙƙinsa ko da tsakiyar damana

A kudancin ƙasar Nijar, daga Doso zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, damana ba ta wuce wata 3 zuwa 4, daga Yuni zuwa Satumba. Cikin wannan ɗan lokaci ne manomi yake neman abincin wata 12. Da zarar shuka ta tsiro, ciyawa ba ta jiran kowa: kafin a gama noman fari, maimai ya taso. Saboda haka mutum yakan fita gona da asuba, ba ya komowa sai faɗuwar rana. Wannan himma abin yabo ce, gama a kanta cimakar ƙasa ta dogara. Amma akwai abin da ba a cika faɗi ba, shi ne hutun manomi.

Aikin ya fi tsanani ne daidai lokacin da jiki ya fi rauni. A watannin Yuli da Agusta rumbuna da yawa sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yawaita da masassarar da yake kawowa. Mai aiki mai nauyi cikin rana yana iya zubar da zufa har lita 1 cikin awa guda. In bai sha ruwa ba, bai fake a inuwa ba, sai ciwon kai da jiri su biyo baya, wani ma ya faɗi tsakar gona. Wanda ya huta da tsakar rana awa 2 kaɗai ya bayar. Wanda ciwo ya kwantar mako guda a Agusta kuwa ya bar wa ciyawa gonarsa.

Magabata sun san haka. Gonar da ta gaji sukan bar ta saura har ta farfaɗo. A ƙauyuka da yawa ana ajiye hauya ranar Juma'a ko ranar kasuwa, ga kuma ƙailula da malamai suke kwaɗaitarwa. Mai shanun noma ma yakan kwance su kafin rana ta take. Ina dalilin da za a tausaya wa sa, a mance da mai shi?

Doka ma ta yarda da wannan. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da hutun awa 24 cikin kowane kwana 7 ga ma'aikatan masana'antu, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 kuma ta ba ma'aikaci wannan hutu na mako. Sai dai doka ta tsaya ga masu albashi. Babu mai binciken da zai zo gandu ya ƙidaya awowi. A can, mai gida shi ne alƙali.

Shi ya kamata ya fara duba mata da samari. Ranar da aka sallame su daga gandu, gamanarsu suke nufa. Mace ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai fura gona, sannan ta duƙa a tata gamanar: hutun jaki ke nan da kaya a ka. Mai gida yana iya tashin aikin gandu da wuri, ya sa samari su ɗauko ruwa da amalanke, ya biya kuɗin niƙa inda akwai inji. Tun da gawo ba ya da ganye da damana, sai a kafa ƴar rumfa a bakin gona, a ajiye tulun ruwa.

Zaman shiru yana da wata riba kuma. Manomin da ya natsu ya dubi gonarsa shi yake ganin inda tsutsa ta fara ɓarna da gefen da ya fi bukatar hauya. Wanda ya duƙa tun safe gabansa kawai yake gani.

Ya kamata malaman gona, ma'aikatan lafiya, malaman yaƙi da jahilci da masu gari su sa wannan magana cikin gargaɗinsu, kamar yadda suke maganar iri da taki. Masu ɗaukar ƴan ƙwadago da masu kiran gayya su ma su ware lokacin inuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, aikin damana kuwa ba ya ƙarewa sai dami ya shiga rumbu. Allah ya kai manoma kaka lafiya.