Kama da Wane Ba Ta Wane: Hausa a Gaban Kimiyyar Kwantam

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Tsakanin mutane wannan gaskiya ce, amma a duniyar ƙananan ƙwayoyin halitta, wadda kimiyyar kwantam ke nazari, karin maganar ta ci karo da bango.

A ɗauki goro biyu da ƙorai biyu. Hanyoyin zuba su huɗu ne, kuma biyu daga ciki na raba goron ɗaya-ɗaya, wato rabi ke nan. A 1924 Satyendra Nath Bose ya ƙirga ƙwayoyin haske ta wata hanya dabam, Einstein kuma ya faɗaɗa ta. A wannan ƙirga, musanya ƙwaya da 'yar'uwarta ba ya haifar da sabon yanayi, don haka hanyoyin uku ne kacal. Nan babu wane, babu mai kama da shi. Saboda haka wanda ya fassara wannan da "kamanceceniya" ya kauce, domin kalmar na nufin abubuwa biyu da za a iya tantancewa. "Rashin tantantuwa" ya fi dacewa.

Haka batun yiwuwa mai ƙasa da sifili. A 1932 Eugene Wigner ya tsara lissafin da ke haɗa wuri da motsin ƙwaya, sai wasu adadi suka faɗi ƙasa da sifili. Dirac ya tattauna batun a 1942, Feynman a 1987. Mai shago a Mabera ba zai yi mamaki ba. Bai taɓa riƙe naira ƙasa da sifili a hannu ba, amma littafin bashinsa ba ya daidaita sai da ita. Haka nan, adadin yana aiki a tsakiyar lissafi, abin da aka auna a ƙarshe kuwa ba ya gaza sifili. Kalmar "giɓi" tana ɗauke da wannan ma'ana tuntuni.

Ra'ayina shi ne, bai kamata manazartan Hausa su ƙirƙiri irin waɗannan kalmomi su kaɗai da ƙamus ba. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo, masana Hausa da masana fiziya inuwa guda suke sha. Su zauna tare, wannan ya kawo ma'ana, wancan ya kawo kalma. In ba haka ba, ɗalibin Sakkwato zai tashi da zaton cewa harshensa na waƙa da tatsuniya ne kawai, tunani mai zurfi kuwa sai an yi aro.