Mujallu Su Ne Ran Laburare

A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna "sharon" ta auka wa gonakin tumatir a jihohin Arewa, musamman Kano da Kaduna. Ɓarnar ta kai har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Manoma sun ɗauka sabon bala'i ne, alhali kuwa duniya ta daɗe da saninsa. Asalin tsutsar daga Kudancin Amurka take, ta shiga ƙasar Sifen tun 2006, ta bi ƙasashen bakin Bahar Rum ta gangaro Afirka. Cikin waɗannan shekaru goma masana sun yi ta rubuta yadda take ɓuya cikin ganye, da yadda take saurin sabawa da maganin feshi, da irin tarkon da ke jawo namijin ƙwaron da ke haifar ta. Duk wannan yana cikin mujallun kimiyya. Mai binciken da laburarensa ke karɓar mujallun nan ya san tana tafe. Wanda ba shi da su kuwa sai dai ya ji labari daga bakin manomi.

Jama'a da yawa, har da waɗansu masu riƙe da kuɗin ilmi, gani suke laburare gida ne na jibge littattafai. Ga mai bincike ba haka ba ne. Littafi yakan ɗauki shekaru kafin a rubuta shi a buga, kafin ya iso Zariya ko Badun an riga an wuce abin da ke cikinsa. Sabon sakamako a mujalla yake fara fitowa, wata-wata ko bayan wata uku. Aikin ma'aikacin laburare shi ne ya san abin da kowane malami ke bincike a kai, ya tara jerin sababbin maƙalu ya aika wa sassa, in kuma babu wata maƙala a wurinsa ya aro ta daga wani laburaren. Ta haka mai bincike ke tsira daga ɓata shekara biyu da kuɗin gwamnati wajen gano abin da wani ya riga ya gano.

Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan al'amari. Bayan da aka karya darajar Naira a 1986, jami'o'i suka kasa biyan kuɗin mujallun ƙasashen waje, aka yi ta soke oda. A 1990 sai da aka ranto dala miliyan 120 daga Bankin Duniya domin jami'o'in tarayya su sayi littattafai da mujallu da kayan aiki. Amma mujalla ba siminti ba ce da za a saya sau ɗaya a huta. Ran da aka daina biya, ran nan ta daina zuwa.

Zuwan kwamfuta da intanet ya kawo sauƙi, ba shakka. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin HINARI, a 2003 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta kawo AGORA, domin masu bincike na ƙasashe matalauta su karanta mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. To, amma ina amfanin ƙofar da aka buɗe in babu wutar lantarki, babu kuɗin intanet, babu ma'aikacin da aka koya wa yadda ake nema? Wani malamin ma bai taɓa jin cewa jami'arsa na da ikon shiga ba, don ba wanda ya gaya masa.

Wajibi ne hukumar TETFund da shugabannin jami'o'i su ware kuɗin mujallu daban a kowace shekara, kada a taɓa shi don fenti ko sayen kujeru. Abin takaici, gini ne ke ɗaukar hankalin shugabanni domin shi ake yanka wa kyalle a ɗauki hoto, kuma ko ginin ma ba a gamawa: hedkwatar Laburaren Ƙasa da aka ba da kwangilarta a Abuja a 2006, har 2024 ba a shiga ba.

Akwai kuma na gida. Tashar binciken aikin gona ta Samaru ta fara aiki tun 1922, kuma abin da aka gano can a kan gyaɗa da dawa da auduga ya fi yi wa malamin gona na Gusau amfani a kan rahoton wata ƙasa mai sanyi. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta tilasta wa mai buga littafi ya kai kofe uku. Ya kamata a matsa a kan wannan doka, kowace jami'a kuma ta sa kundayen digirin ɗalibanta a kwamfuta yadda mai bincike a Maiduguri zai iya karanta aikin da aka yi a Nsukka ba sai ya hau mota ba.